Raƙumin Baba da Kuɗin Wuta

Shafi na 19

Sallama gare ku, masu bin labarina. Na ga abin da kuka rubuto a ƙarƙashin shafin da ya gabata. Wata baiwar Allah ta ce da ita ce da tuni ta sa hannu ta huta, wai aikin gwamnati ba gonar uban kowa ba ce. Na gode, 'yar'uwa. Ki karanta na yau tukuna.

Ga waɗanda yau suka fara, sunana Yakura Aisami. Ni ce ma'ajin wata komin, wato ƙaramar hukuma, ta makiyaya a gundumar Gure, ba zan ambaci sunanta ba. Bayan kaka gobarar daji ta tashi a arewacinmu, ta cinye ciyawar da dabbobi za su ci har zuwa damina. A asusun komin akwai kuɗin da aka ware domin irin wannan rana. Kwamitin agaji ya zauna, ya yanke a sayi dussa da angurya a raba wa waɗanda wuta ta shafa. Ɗan kasuwar da zai kawo kayan yana Damagaram, kamyonsa, wato babbar motar kaya, a tsaye, takardar biya kawai yake jira.

Takardar nan hannu biyu take so. Magajin gari ya ba da umarni, ma'aji ya biya. Shi ba ya taɓa kuɗi, ni ba na ba da umarni. In na biya abin da doka ba ta yarda da shi ba, daga aljihuna zan mayar, ko da zanen ɗaurina zan sayar. Haka aka koya mana a lakwal, wato makarantar boko, a kan haka na yi rantsuwa.

Magajin garinmu, Alhaji Tahiru, ya ƙi sa hannu a takardar dussa. Wata takardar ya aiko mini, wai a cire rabin kuɗin a sayi raƙumi a yi wa wani babban baƙo da ke tafe kyauta. Na mayar masa da ita. Ya sake aikowa, na sake mayarwa.

Abin da ya biyo baya kun sani. An daina ba motona esans, wato babur ɗina na aiki ba a ba shi fetur. An kwashe teburina daga biro, wato ofis, aka kai mangaza, ɗakin ajiyar kaya, tsakanin karyayyun kujeru da buhunan siminti. Sun sa mini suna Madam A'a. A gidan suna mata na tambayar mahaifiyata ko lakwal ɗin Yamai ce ke cire wa yara kunya. Ban taɓa yin kuka a gaban kowa ba. Kullum sai in yi wanka, in kafa ɗaurina, in zauna a mangazar nan kamar minista.

Yau labarin ranar da baƙon ya zo zan ba ku.

Tun da hantsi harabar meri, wato ofishin magajin gari, ta cika. An kafa rumfuna, an shimfiɗa tabarmi, an jera kujerun roba. Makaɗa sun zo daga Gure da ganga da algaita. Baƙon, Alhaji Mamadu, ɗan yankinmu ne, tun yana saurayi ya bar gida, yanzu motocinsa ke bin hanya daga Yamai har Agadas. Ya yi wa komin alkawarin kamyo goma na abincin dabbobi. A waya ya yi alkawarin, kuma daga ni har magajin gari ba wanda ya ga ko buhu ɗaya.

Da na iso na tarar da Inna Rahama zaune a ƙofar mangaza. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, awaki ne dukiyarta, kuma wurin kiwonta na cikin inda wuta ta fara ci. Ba ta roƙo. Tambaya ɗaya take kawowa kowace ranar kasuwa, ko kamyon ya taso. Ranar ta gaya mini cewa akuyarta mai ciki ta ci kwali da tsumma har ta zubar da cikin, sauran kuma geron tuwonta ta fara raba musu. Na ce ta ƙara haƙuri. Ta ce ita tana da haƙuri, awakin ne ba su san shi ba.

Ina zama Illa, sakataren meri, ya leƙo da sabuwar shadda tana ƙara.

"Madam A'a, yau ma a'a ce, ko an samu canji?"

"An samu canji, Illa. Ka sa sabuwar riga."

Ya yi dariya, ya ce in gyara zama, yau magajin gari da kansa zai zo wurina. Ya ƙara da cewa shi dai shawara yake ba ni, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Na ce masa kazar ba ta ce a sa mata ba.

Bai jima da fita ba Alhaji Tahiru ya yi sallama.

Ina so ku fahimce ni. Alhaji Tahiru ba ɓarawo ba ne. Da ɓarawo ne da abin ya zo mini da sauƙi. Mutum ne da ya yi imani cewa da goro ake buɗe kowace ƙofa, kuma sau da yawa ƙofar kan buɗe. Na miƙe na ba shi kujerata, ya ƙi, ya tattara babbar rigarsa ya zauna a kan buhun siminti.

Ya yi magana mai tsawo, a hankali, yana ce mini 'yata. Ya ce baƙonka annabinka. Ya ce mutum kamar Alhaji Mamadu ba ya zuwa garinsu ya koma hannu wofi, a ce mutanen da yake shirin ciyar da dabbobinsu ko akala ba su iya damƙa masa ba. Ya ce raƙumi ɗaya zai jawo kamyo goma, wanda ya iya lissafi kamar ni bai kamata a tsaya yi masa bayani ba. Ya ce shi ma dabbobin yake tunani.

Na ce na yarda dabbobin yake tunani. Amma kuɗin nan kwamiti ya riga ya ce ga abin da za a yi da su, kuma doka ba ta san raƙumin kyauta a cikin agajin gobara ba. In karramawa ake so, ga 'yan kasuwar gari, ga 'yan majalisa, kowa ya sa hannu a aljihu, ni ma zan sa nawa. Na ce kamyo goma na waya, kamyo ɗaya na Damagaram, kuma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Ya yi murmushi. Bai yi fushi ba, abin da ya fara ba ni tsoro ke nan.

"Tashi ki leƙa taga, 'yata."

Na tashi.

A bayan katanga, ƙarƙashin aduwa, raƙumin na tsaye. Fari ne sol, dogo. An lulluɓe shi da jan mayafi mai tuntaye, an rataya masa fatu masu zane har gwiwa, kansa ma ba a bari ba. Na ce a raina, ko ba komai sun iya zaɓe.

Sai iska ta ɗaga gefen mayafin.

A cinyarsa ta hagu akwai shaidar wuta, sawun zabo da ɗan layi a ƙarƙashi. Kowane gida a wajenmu da irin shaidar da yake sa wa dabbobinsa. Wannan ta gidanmu ce, tun daga kakan kakana.

Raƙumin Baba ne.

Ku da kuka daɗe tare da ni kun san yadda na yi karatu. Raƙuma Baba ya riƙa sayarwa ɗaya bayan ɗaya, daga lokacin da na shiga kolej a Gure har na ƙare a Yamai. Wannan kaɗai ya rage. Da shi yake ɗauko dabino da kanwa daga kwarin da gidanmu yake ya kai kasuwa. Shi ne ƙafarsa, shi ne sana'arsa.

Ban juyo ba. Muryar Alhaji Tahiru na ji a bayana.

"Da ƙafata na je kwarinku. Na ce masa meri za ta saya, da daraja. Ya tambaye ni wa zai biya. Na ce 'yarka. Bai sake tambayata komai ba."

"Raƙuma sun ƙare a kasuwar Gure ne, ranka ya daɗe?"

"Fari irin wannan yana wuya."

Shi ya san ba haka ba ne, ni ma na sani.

Ya miƙe ya kakkaɓe siminti daga rigarsa. Ya ajiye takardar raƙumin a kan teburina, ya ɗora alƙalami a kai. Ya tuna mini abin da ko yaron goye ya sani a ƙasarmu, cewa da zarar akala ta shiga hannun baƙo, kyauta ta tabbata, ba mai karɓo ta.

"In kika ƙi yanzu, ba ni kika hana ba."

Ya fita.

Na daɗe a tsaye. Duk abin da suka yi mini a baya, jikina suka taɓa. Wannan karon sun je har kwari sun ɗauko mini mahaifina.

Na bi ta ƙofar baya.

Baba na durƙushe yana gyara igiyar ciki. Rigarsa ta Idi ya sa, da rawanin da ba ya ɗaurawa sai ɗaurin aure. Na durƙusa na gaishe shi da harshenmu na gida na ce, "Wushe, Baba."

Fuskarsa ta washe. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya. Ya ce Allah ne ya kawo cinikin nan, don tun da ciyawa ta ƙone ya rasa yadda zai ciyar da dabba mai yawan ci irin wannan, ga tumaki su ma suna kallonsa. Ya ce abin da ya fi masa daɗi shi ne za a ce raƙumin gidan Aisami aka ba babban mutum, kuma 'yar Aisami ce ta biya da hannunta. Shi aka ce ya ja akalar zuwa gaban baƙo, don raƙumin ba ya durƙusa wa kowa sai shi.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Na ce, "Baba, kuɗin da za a biya ka da su, kuɗin dussa ne."

Ya dakata.

"Ba na meri ba ne?"

"Na meri ne. Amma da sunan wuta aka ajiye su."

Na yi masa bayani kamar yadda na yi muku. Na gaya masa kamyon da ke tsaye a Damagaram. Na gaya masa in aka cire kuɗin raƙumi rabin dussar ce kawai za ta zo, kuma a rabon rabi waɗanda ke nesa da gari, da waɗanda ba su da mai tsaya musu, su ke tashi a banza. Na ambaci Inna Rahama. Ya tambaya ko matar marigayi Husseini nake nufi, na ce ita. Ya ce tare suka yi fataucin kanwa da mijinta.

Ya shafa wuyan raƙumin.

"In kin sa hannu, me zai same ki?"

"Wataƙila ba komai. Wataƙila wata rana masu bincike su zo su ce in biya."

"In ba ki sa ba?"

"Ba za a biya ka ba, Baba."

Na roƙe shi ya kwance kayan adon nan, ya hau raƙuminsa ya bi ta bayan gari tun baƙo bai iso ba. Na ce kowa zai fahimta. Ya girgiza kai. Ya ce ya riga ya ba da kalmarsa, an yi wa dabba ado, gari ya gani. Ya ce ni lakwal ta koya mini dokata, shi ma ubansa ya koya masa tasa, kuma a cikin tasa namiji ba ya kwance ado daga jikin kyauta ya gudu ta bayan katanga.

Sannan ya dube ni sosai.

"Za ki sa, Uwata?"

"A'a, Baba."

"In ni na ce ki sa fa?"

A rayuwata ban taɓa ce wa mutumin nan a'a ba, ko a kan ɗiban ruwa.

"Sai in durƙusa in yi ta ba ka haƙuri har gwiwata ta yi jini. Amma ba zan sa ba."

Bai sa mini albarka ba, bai yi mini baki ba. Ya sunkuya ya ci gaba da ɗaure igiyar ciki. Can ya ce in tafi, ana nemana a wurin aiki.

Na koma mangaza ban san abin da Baba ya yanke a ransa ba. Inna Rahama ta dubi fuskata, ta ja tabarmarta gefe ba ta yi mini tambayarta ba. Na ɗauke alƙalamin daga kan takardar raƙumi, na tura takardar ƙarƙashin buhun siminti. Na buɗe durowa na ɗauko ta dussa, wadda hannuna ke kai tuntuni, gurbin magajin gari kaɗai ke fari. Na naɗe ta a gefen mayafina. Na gyara ɗaurina a gilashin taga, na fita.

In za su kunyata ni, su same ni a tsaye.

Wajen azahar motoci suka shigo. Mata suka ɗauki guɗa, algaita ta kama. Alhaji Mamadu ya sauko, gajere ne mai fara'a, yana gaisawa da tsofaffi da hannu biyu, yana kiran wasu da sunan ƙuruciya. Ba wanda ya ba ni kujera. Na tsaya a bakin rumfa, cikin rana.

Aka yi jawabai. Da aka ba baƙo lasifika ya sake ambaton kamyo goman, wuri ya ɗauki tafi. Ya ce kuma kamfaninsa na haƙar rijiyoyi zai nemi aiki a komin ɗin nan, don gara ɗan gida ya yi wa gida aiki. Aka sake tafi. Ni dai na ji abin da kyau, domin duk ranar da kamfanin nan ya samu aiki, ta hannuna za a riƙa biyansa.

Sai Alhaji Tahiru ya miƙe. Ya ce komin, duk da halin da take ciki, ba ta manta da al'adar iyaye ba. Ya ce ga 'yar kyauta daga komin zuwa ga ɗanta. Yana faɗa yana kallona ta saman gilashinsa.

Baba ya fito da raƙumin.

Mutane suka dare. Bai yi sauri ba. Ya kawo shi har gaban rumfa, ya ja akala ƙasa sau ɗaya, raƙumin ya yi gurnani ya durƙusa. Maroƙi ya fara wasa Alhaji Mamadu. Abin da ya rage Baba ya miƙa akala, shi ke nan.

Bai miƙa ba. Ya ɗaga wa maroƙin hannu, ya ce a ba shi abin maganar.

Illa ya yunƙura zai hana. Alhaji Mamadu ya ce a bar dattijo ya yi magana.

Baba bai taɓa riƙe lasifika ba. Ya riƙe ta nesa da bakinsa kamar za ta cije shi, amma kowa ya ji.

"Magajin gari ya so ya rufa mini asiri, ya ce kyautar komin ce. Allah ya saka masa. Amma raƙumin nan na gidana ne."

Ya ɗaga gefen mayafin, shaidar ta fito fili.

"Ni Aisami na ba ɗan garinmu shi, kyauta. Ba na bin meri ko dala. Kuɗin wuta na waɗanda wuta ta ci ne."

Ya damƙa akalar a hannun Alhaji Mamadu.

Daga can baya wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka ɗauka, ganga ta biyo. Maroƙin ya juya ya bar baƙo ya koma wasa Baba, yana kiran sunan kakanninmu da ni kaina ban san ya sani ba.

Na san abin da Baba ya yi. Ya ba da ƙafarsa da sana'arsa don kada hannuna ya ɓaci, kuma don kada a ce Aisami ya janye kalmarsa. Hawaye suka taho, na mayar da su. Ban taɓa jin tsayina ya kai na ranar nan ba. Duk wanda ya taɓa tambayar mahaifiyata ina na samo taurin kai, ranar ya ga inda aka haƙo shi.

Ban bari guɗar ta lafa ba. Na ratsa tsakiyar fili, na durƙusa a gaban teburin manya, na warware takardar dussa na shimfiɗa a gaban Alhaji Tahiru, na ɗora alƙalaminsa a kai, kamar yadda ya ɗora mini.

"Ranka ya daɗe, tun da ba a bin meri kuɗin raƙumi, ga ta dussa. Hannunka kaɗai take jira."

Alhaji Mamadu ya leƙo ya tambayi takardar mece ce. Na ce ta abincin dabbobin waɗanda gobara ta shafa ce, daga asusun agajin komin. Ya ce ai wannan aikin lada ne, a sa hannu a gabansa shi ma ya samu rabon shaida.

Alhaji Tahiru ya ɗauki alƙalami. Ya sa hannu, ya nemi hatimi a wurin Illa ya buga. Da zai miƙo mini ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Kin ci, 'yata. Ki je ki tambayi tsohon naki, da me zai koma kwari."

Na karɓa da hannu biyu, na ce na gode. Na nemi Inna Rahama da ido a cikin mata, na ɗaga mata takardar. Ta ɗora hannu a ka.

Da na juya, Baba na kwance sirdinsa daga bayan raƙumin. Sirdi ba ya bin kyauta. Ya naɗe igiyoyin, ya saɓa shi a kafaɗa. Raƙumin ya juyo da kai yana bin sa da kallo. Tafiyar kwarinmu ba ta ƙafa ba ce ga mai shekarunsa, ga tudun rairayi, ga rana.

Zan nufe shi ke nan Alhaji Mamadu ya sake karɓar lasifika. Ya ce shi ɗan ƙasar nan ne, ya san ba a karɓar kyauta irin wannan ba tukuici. Ya zaro ambulan daga aljihun rigarsa, mai kauri, ya miƙa wa Baba.

Baba ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai. Ya ce kyauta ya yi, ba ciniki ba.

Alhaji Mamadu ya yi dariya. Ya ce dattijo ya fi ƙarfinsa, amma an raɗa masa cewa yarinyar nan mai takarda 'yarsa ce, kuma ita ce ma'ajin komin. To in uba ya ƙi, 'ya ba ta ƙi. Ya yafito ni.

Na zo na tsaya a gabansa.

Ya miƙo ambulan ɗin. Ko ba a buɗe ba na san abin da ke ciki zai sayi wani raƙumin har da canji. Na san kuma hannun da ke miƙo shi, shi ne hannun da zai kawo mini takardun rijiyoyi in biya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

"Karɓi mana, 'yata. Ko ni ma sai na kawo takarda mai hatimi?"

Jama'a suka kwashe da dariya. Illa ya fi kowa.

Na dubi Baba. Yana tsaye a rana, sirdi a kafaɗa, idonsa a ƙasa. Bai ce in karɓa ba, bai ce kada in karɓa ba.

Na durƙusa har ƙasa, na ce Allah ya ƙara arziki, Allah ya ja da rai. Sannan na mayar da hannayena biyu bayana, na haɗe su.

Makaɗin ya tsayar da ganga.

Hannun Alhaji Mamadu ya daɗe a miƙe. Fara'ar fuskarsa ta sauka a hankali. Ya mayar da ambulan ɗin aljihu, ya juya wajen magajin gari, lasifikar na nan a bakinsa.

"Tahiru, kamyo nawa ma na ce?"